Kuɗin Sabunta Inshorar Gida: Inda Ake Samun Ragi da Inda Ragi Ke Zama Asara

Bayan la'asar ne, muna zaune a kan tabarma a ƙofar zaure, Baffa ya miƙo mini wayarsa. Saƙo ne daga kamfanin da ya yi wa gidansa inshora: wa'adi zai cika nan da mako huɗu, kuɗin bana naira 105,000. Bara 72,000 ya biya. Gidan bai ƙara ɗaki ba, gobara ba ta taɓa tashi a cikinsa ba, kuma tunda ya fara biya bai taɓa neman ko kwabo a hannunsu ba.

"Ɗana, duba mini wannan," ya ce. "Fanshon nawa ne gaba ɗaya? Ga taki ban saya ba. Ko dai in haƙura da abin, ko kuwa in ce su rubuta rabin kuɗin gidan in biya rabi."

Na ce, "Baffa, ku ba ni mako biyu kafin ku yanke shawara."

Masu inshorar gida a karkarar Kano da Jigawa ba su da yawa, amma akwai su, kuma kusan duk ta ƙofa ɗaya suka shiga. Malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya ci bashin gina gida, banki ya gindaya masa sharaɗi. Ɗan kasuwar hatsi da ya jinginar da gida ya karɓi jari. Mai gidan haya a bakin kasuwa. Sai 'yan ƙalilan da ambaliyar 2022 ta girgiza suka kai kansu. Baffa ta hanyar bashi ya shiga, kuma ya gama biya tuni. Amma shekarar da ya ga ruwa ya ci gidaje a ƙasar Ringim, magidanta da iyalansu suka koma kwana a azuzuwan firamare, sai ya ce shi kam ba zai daina ba.

Yawancinmu muna karɓar takardar sabuntawa kamar hukuncin alƙali, alhali suna ne kawai aka sa wa kaya. Duk wanda ya taɓa shiga kara a Wudil ranar Juma'a ya san idan an sa wa sa suna ba a nan ake tsayawa ba. A taya, a yi albarka, a ƙara, har a sallama. Yarjejeniyar inshorar gini ta shekara guda ce. Ranar da ta cika babu igiyar da ta ɗaure ka da kamfanin. Kana iya tayawa, kana iya ɗaukar takardunka ka tafi wani wuri. Sai dai ba a ciniki a kan kayan da ba a sani ba, kayan nan kuwa a cikin lambobi biyu yake.

Ta farko ita ce jimillar kuɗin da aka rubuta a matsayin ƙimar ginin. Ta biyu ita ce nawa kamfani ke karɓa a kan kowace naira dubu ta wannan jimilla. In an ninka wannan da waccan, kuɗin shekara ya fito. Da na kira ofishinsu na ce a turo mana lissafin a rubuce, sai abin ya bayyana. Bara an rubuta gidan a miliyan 24, ana karɓar naira 3 a kan kowace dubu, shi ne 72,000. Bana sun mai da gidan miliyan 30, sun mai da farashin naira 3 da kwabo 50, shi ne 105,000. Ashe ƙari biyu aka yi masa a lokaci guda, saƙon waya kuwa jimilla kawai ya nuna. Saboda haka aikin farko ga kowa shi ne ya nemi wannan lissafi a rubuce. Haƙƙinka ne, ba alfarma ba.

Mu fara da ƙimar gini, domin a nan aka fi samun ragi na gaskiya, a nan kuma aka fi faɗawa rami.

Kamfanin yana da hujjar ɗaga ƙimar. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, babu kayan ginin da ya zauna a inda yake. Buhun siminti da ake saya wajen naira 5,000 a tsakiyar 2023 ya haura 10,000 a wurare da dama a farkon 2024. Kwano, rodi, katako, tifar yashi, ladan birkila, kowanne ya bi sahu. Gidan da aka gina shekara goma da suka wuce ba zai sake ginuwa da kuɗin wancan lokaci ba. Amma babu wanda ya taso daga kamfanin ya auna gidan Baffa. Suna zaune a ofis suka ɗora kashi 25 cikin ɗari a kan tsohuwar lamba. Ita kuma tsohuwar lambar ta samo asali ne daga ƙimar da mai kimanta dukiya na banki ya yi, shi kuwa abin da ya dame shi nawa za a sayar da gidan in bashi ya gagara. Wato har da fili a ciki.

Fili ba ya ƙonewa. Iska ba ta yaye shi, in ruwa ya janye yana nan inda yake. Abin da inshorar gini ke biya shi ne kuɗin mai da ginin yadda yake, ba kuɗin sayen wuri ba. Gidan Baffa a bakin kwalta yake, kusa da tasha, filin yana da daraja. Shekara da shekaru yana biya wa fili inshora, kuma da gobara ta tashi ba za a ba shi ko sisi a kansa ba.

A nan akwai abin lura, domin shawarar "cire kuɗin fili" ta fi dacewa da birni da garuruwan bakin titi. A cikin ƙauye sosai abin juyawa yake yi. Mutum zai kashe miliyan 20 ya gina gidan bulo a garinsu, in ya tashi sayarwa ba zai sami mai taya shi miliyan 12 ba, saboda kowa yana da gidan gado, babu baƙon da zai zo ya saya. Irin wannan mai gida in ya rubuta kuɗin da za a sayi gidan, ya cuci kansa. Tambayar da za a yi guda ɗaya ce ko'ina gidan yake: in ya rushe yau, nawa zai ci a tayar da shi gobe?

Mu dai maginin da ya gina gidan muka kira, tare da kafinta. Suka zo da safe da igiyar awo da littafi. Ɗaki huɗu, falo, zaure, kicin, banɗaki biyu, katanga. Aka ƙirga bulo da buhunan siminti, bandir nawa na kwano, katakon rufi, silin, ƙofofi da tagogi, wayarin, fulasta da fenti, ladan ma'aikata. Magini ya tuna mana abu biyu da muka manta: kuɗin dakon kaya daga gari, wanda yanzu ba ƙaramin abu ba ne, da kuɗin kwashe ɓaraguzai kafin a fara sabon aiki. Lissafi ya tsaya a kusan miliyan 25. Ya rubuta, ya sa hannu da kwanan wata. Mai babban gida ko bene ya fi kyau ya nemi ƙwararren mai ƙiyasin gini, domin kamfani ya fi saurin karɓar takardarsa, amma ga gidan ƙasa irin na Baffa rubutun magini da hotuna sun isa a buɗe magana. Daga miliyan 30 zuwa 25, ko ba a taɓa farashi ba, naira 17,500 ta sauka.

Sai shawarar Baffa ta rubuta rabi. Wannan ce ta fi tayar mini da hankali, domin na san mutane da yawa suna yi, wani lokaci ma wakilin kamfani ne ke ba su shawarar don kada ciniki ya kuɓuce masa. Tunanin a fili yana da ma'ana: ai da wuya gida ya ƙone ƙurmus, yawanci ɗaki ɗaya ne ko rufi, to in na rubuta miliyan 12 da rabi ta isa ta biya kowace ɓarna. Amma a cikin takardar akwai sharaɗin da ke cewa in ƙimar da ka rubuta ta gaza ainihin kuɗin ginin, kai ne ka ɗauki nauyin ragowar, kuma za a raba kowace asara tsakaninka da kamfani gwargwadon haka. Ba babbar asara kaɗai ba, kowace asara.

A ƙaddara iskar farkon damina ta yaye rufin gidan Baffa, ruwa ya lalata silin da wayarin, gyara ya kama miliyan 6. Mai tantance ɓarna zai zo, kafin ya dubi rufin zai fara ƙiyasta gidan gaba ɗaya. Ya ga na miliyan 25 ne, an rubuta 12 da rabi. Rabi ke nan. Za a biya miliyan 3, a kuma cire kason mai gida daga ciki, wato abin da shi zai fara ɗauka a kowace asara. A farashin naira 3, Baffa ya tsira da 37,500 a shekara, ya rasa miliyan 3 a dare ɗaya. Garin neman gira an rasa ido. Da na zana masa wannan lissafi a bayan ambulan, ya yi shiru, can ya ce, "To me ya sa ba su faɗa wa mutum tun farko ba?" A rubuce yake, da Turanci, da ƙananan haruffa, a shafin da ba wanda ke kaiwa. Wannan laifi ne da nake ɗora wa masu sana'ar baki ɗaya, domin mutumin da ka karɓi kuɗinsa ya cancanci a yi masa bayani da harshen da yake ji.

Akwai wata tambaya da ke tafiya tare da wannan: in an tashi biya, kuɗin sabon kaya za a ba ka, ko za a cire tsufa? Wata takardar tana cewa za a mai da gini sabo. Wata kuma tana cewa za a rage gwargwadon shekarun kwano da katako. Kamfani biyu za su iya ba ka farashi, ɗaya ya fi araha, ashe arahar daga nan ta fito.

Lamba ta biyu, farashin kowace dubu, ita ce ma'aunin tsoron da kamfani ke yi wa gidanka. Abin da suke dubawa sananne ne: da me aka gina, da me aka rufa, a ina yake, me ake yi a cikinsa, me ke maƙwabtaka da shi. Bulo da kwano ko dekin sun fi samun sauƙi. Rufin ciyawa ko zana, in ma an karɓa, da tsada. In ba su san gidanka ba, da sunan ƙaramar hukumarku za su yi maka hukunci. Kowace shekara hukumar kula da koguna ta NIHSA tana fitar da jerin wuraren da ake hasashen ambaliya, hukumar hasashen yanayi ta NiMet kuma tana fitar da hasashen damina, ba mu kaɗai ke sauraro ba. Ruwan da ya taso daga Tiga da Challawa ya haɗu ya ratsa Wudil, ya bi ta Ringim har Haɗeja, ga kachala ta toshe masa hanya a ƙasa. Wanda ke ofis a Legas in ya ga sunan Auyo, Miga, Kafin Hausa ko Ringim, ruwa kawai yake gani. Bai san cewa a gari ɗaya akwai gidan da ke bakin fadama, akwai wanda ke kan jigawa da ruwa bai taɓa isa ba tun zamanin kakanni.

Kai za ka sanar da shi, da hujja. Gidan Baffa a kan tudu yake, an ɗaga harsashinsa sama da titi, akwai lambatu na siminti a gabansa. Muka ɗauki hotuna daga kowace kusurwa, muka nuna matakala uku da ake hawa kafin a shiga zaure, muka rubuta cewa a 2022 ruwa bai shigo layin ba. Da wannan muka nemi a janye ƙarin kwabo 50.

Amma hujja tana da kaifi biyu, kuma a nan muka sami abin da ya fi ƙarin kuɗin hatsari. Jikan Baffa yana ɗan taɓa bumburutu, jarkokin fetur huɗu suna kwana a zaure, a jikin bangon da mitar wuta take. Takardar kuwa ta ce gidan zama ne kawai. Da wuta ta tashi daga nan, kamfani yana da hanyar cewa an canja yanayin gidan ba a sanar da shi ba, ya ƙi biya gaba ɗaya. Haka abin yake ga wanda ya fasa bango ya buɗe shago, ko ya kafa injin markaɗe a tsakar gida, ko ya mai da ɗaki biyu ma'ajiyar riɗi da gyaɗa bayan kaka, ko ya zuba 'yan haya. Ɓoye irin wannan don kuɗi su ragu, biyan kuɗi ne a kan takardar da ba za ta yi aiki ba. Gara ka faɗa a ƙara maka kaɗan, ko kuwa ka fitar da abin daga gidan. Mu fitarwa muka yi.

Akwai kuma sharaɗin barin gida babu kowa. Galibin takardu suna cewa in gida ya wuce kwana 30 a kulle ba a sanar ba, kariya ta tsaya. Wanda ya gina a ƙauye yana zaune a Kano ko Dutse, sai sallah yake zuwa, ya duba wannan da kyau.

Abubuwan da ke rage tsoron kamfani ba masu tsada ba ne, kuma ko babu inshora gidan na buƙatarsu. A kira mai gyaran wuta na kirki ya duba wayarin, musamman inda aka jona sola da inbata a kan tsohon aiki, ya rubuta abin da ya gyara. A fitar da tukunyar gas waje. A raba karan dawa da harawa da jikin bango, domin gobarar hunturu daga nan take samun abinci, ko daga kaskon gawayi da aka kwana da shi a ɗaki. A ƙara wa kwano ƙusa, a ɗaure katakon rufi da bango kafin hadarin farko. Sai tukunyar kashe gobara. Kamfanonin inshora a Najeriya suna da rangwame na musamman ga ginin da ke da kayan kashe wuta, amma ba safai suke ambata shi ga mai ƙaramin gida ba sai ya tambaya. Za su nemi rasit, su kuma so a riƙa duba ta kowace shekara.

Daga nan a buɗe takardar a ga me da me aka haɗa. Tushenta gobara ce, da tsawa, da fashewar abu. A kan wannan ake ɗora sauran: ambaliya, guguwa, mota ta afka wa gini, tarzoma, fashewar bututun ruwa, girgizar ƙasa. Wasu kamfanonin a dunƙule suke sayarwa, wasu suna yarda a zaɓa. Inda ake zaɓa, gidan da ba shi da famfo a ciki ba ya buƙatar kariyar fashewar bututu. Amma kada neman ragi ya sa mutumin ƙasar Haɗeja ya cire ambaliya, ko mutumin Ɗambatta da Gumel ya cire iska. Su ne dalilin shigar tun farko. A kuma lura, a yawancin takardu ɓarnar da ruwa ko iska suka yi wa katanga da ƙofar waje ba ta cikin abin da ake biya. In haka taka ta ce, ka tambaya ko a shigar da ita sosai, ko a cire kuɗin katangar daga jimilla, kada ka riƙa biya a kan abin da aka riga aka ware. Wanda banki ke bi bashi kuma ya duba takardar asusunsa, domin ana samun banki ya cire kuɗin inshorar gidan da kansa, mai gida bai sani ba ya je ya yi wata. Gida ɗaya ba a biyansa diyya sau biyu.

Kason mai gida, wato abin da kai za ka fara ɗauka a kowace asara kafin kamfani ya sa hannu, shi ma abin ciniki ne. In ka yarda a ɗaga shi, kuɗin shekara na sauka. Ma'aunin da na ba Baffa shi ne: kada ya wuce abin da za ku iya fitarwa cikin mako guda ba tare da an sayar da gona ba, misali kuɗin tunkiya ɗaya ko biyu. A tambaya kuma ko kason tsayayyen kuɗi ne ko kaso cikin ɗari na asarar, domin na ambaliya da iska sau da yawa daban yake da na gobara.

Duk wannan shiri, in ba ka da wani wurin zuwa, roƙo kake yi ba ciniki ba. Sai ka nemi farashi daga wuri biyu ko uku, ka ba kowa bayani iri ɗaya: ƙima ɗaya, hatsarurruka iri ɗaya, kason mai gida ɗaya. Wakilin kamfani na kamfaninsa ne. Dillalin inshora mai rajista kuwa naka ne, shi ke zagaya kamfanoni a madadinka, kuma la'adarsa daga kamfani take fitowa. Mai gida, shago da mota ya kai su wuri guda ya nemi rangwame. Ƙungiyar malamai ko ta 'yan kasuwa da ta tara gida ashirin tana da bakin magana fiye da mutum ɗaya. Akwai kuma yarjejeniyar dogon zango, inda za ka yi alkawarin zama da kamfani shekara uku ko biyar a rage maka wani kaso, kana biya shekara-shekara kamar kullum. Kafin ka sa hannu, a rubuta cewa in sun ɗaga farashi alkawarin ya warware.

Ba zan tsallake maganar takaful ba, wato inshorar Musulunci, domin ita ce tambayar da ake fara yi a kowace majalisa. Malamai da yawa ba su natsu da inshorar kasuwa ba saboda riba da rashin tabbas da ke cikinta. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yi matsaya a 1985 cewa tsarin taimakekeniya shi ne mafita, kuma tun 1979 aka kafa kamfanin farko irin wannan a Sudan. A Najeriya hukumar kula da inshora ta NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful suka sami lasisi a 2016. A wannan tsari kuɗinka gudummawa ce cikin asusun mahalarta, kamfani yana ɗaukar ladan wakilci, in an biya waɗanda suka yi asara aka sami rara, ana raba wa waɗanda ba su nemi diyya ba. Wannan rarar ragi ce ta gaske, sai dai ba alkawari ba ce, shekarar da asara ta yi yawa ba za a samu ba. Kuma kada a ɗauka sharuɗɗan da na ambata ba sa aiki a can. Rubuta rabin ƙima a takaful sakamakonsa ɗaya ne, har ma ya fi nauyi a zuciya, domin 'yan'uwanka mahalarta ka tauye.

Sai lokaci da hanyar biya. Ƙa'ida a Najeriya ita ce in ba a biya ba, babu kariya. Ta zo ne a dokar inshora ta 2003, NAICOM ta fara tsananta ta daga 1 ga Janairun 2013. Babu "ai mun saba, zan kawo bayan kasuwa." In wa'adi ya cika ranar Talata, wuta ta tashi Laraba, ka biya Alhamis, ba ka da komai. Shi ya sa ake fara ciniki tun saura wata guda. A biya cikin asusun kamfani, ba asusun wakili ba ko da ɗan garinku ne, a karɓi rasit da takardar yarjejeniya. Farashin da ya yi araha fiye da hankali, a duba sunan kamfanin a jerin masu lasisi na NAICOM tukuna. Sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2025 ta ɗaga jarin da ake buƙata daga kamfanin inshorar dukiya zuwa naira biliyan 15, don a tabbatar mai karɓar kuɗin jama'a yana da ƙarfin biya. Wanda aka hana haƙƙinsa yana iya kai ƙorafi hukumar.

Na san mafi yawan masu karanta wannan, gidajen iyayensu na ƙasa ne, tubali da azara, kuma su ne damina ta fi ci. Abin yana yi mini ciwo cewa tsarin nan kusan bai san da su ba. Kamfanoni da yawa ba sa karɓar ginin ƙasa. Inda aka karɓa ma, bangon da ya sha ruwan Agusta kwana da kwanaki har ya zauna, ana iya cewa lalacewa ce ta sannu a hankali, ba ambaliya ba, a ƙi biya. Mai irin wannan gida, kafin ya ba da kuɗi, a nuna masa a rubuce cewa an san gidan na ƙasa ne kuma rushewar ruwan sama tana ciki. In ba haka ba, kuɗin sun fi amfani a yaɓe kafin damina, da gyaran indararo, da dakalin siminti a gindin bango, da yashe kwata. Wanda gidansa rabi bulo rabi ƙasa, ya sa a bayyana wane sashe aka rubuta.

Ranar da muka koma wa kamfanin, da takardar magini muka je, da hotuna, da rasit ɗin tukunyar kashe gobara, da farashin wasu wurare biyu. Sun karɓi miliyan 25. Sun mai da farashi naira 3, lissafi ya zama 75,000. Da rangwamen tukunya da alkawarin shekara uku, aka tsaya a 68,000, ambaliya da iska suna ciki, an kuma rubuta cewa sabon gini za a mayar. Mun roƙi a matsar da ranar sabuntawa daga bazara, lokacin da taki da iri ke cin aljihu, zuwa bayan kaka, suka ce za a daidaita a zagaye mai zuwa.

Baffa ya sa na ɗauki hoton kowane shafi a wayata, aka kai kwafi ɗaya gidan 'yarsa a Dutse, domin takardar da ke cikin akwati a ɗaka tare da ɗakin za ta ƙone. Jarkokin fetur kuma an gina musu ɗan ɗaki na bulo a can ƙarshen fili, nesa da gida, jikan nasa ne ya biya kuɗin siminti.